Filash ya ce sai an yi masa fomat: yadda ake ceto bayanai ba tare da an ƙara ɓarna ba

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa yana da filash mai gigabait 32 wanda ya tara aikinsa na kammala digiri na biyu da hotunan iyali da wasu bidiyoyi a ciki. Ya kai shi shagon buga takardu, ya zare shi cikin gaggawa, da ya dawo gida ya sa a kwamfutarsa sai Windows ya ce dole a yi masa fomat kafin a iya amfani da shi. Wani abokinsa ya ce ya yi fomat ɗin kawai, daga baya a nemo fayilolin da manhaja, wani kuma ya ce ya yi masa chkdsk, wato umarnin Windows na binciken ma'adana da gyara kurakuranta. Yana so ya san wanne zai bi, kuma wane tsarin fayil ya fi dacewa ya riƙa amfani da shi nan gaba.

Ɗan'uwa, Allah ya fitar da kai daga wannan damuwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu a yanzu. Idan akwatin da ke neman izinin fomat ya sake fitowa ka rufe shi, ka zare filash ɗin ka ajiye, kuma kada ka yarda wani ya rubuta ko da fayil guda a kansa. Bisa abin da ka kwatanta, akwai kyakkyawan zato cewa aikinka yana nan lafiya, kuma abin da ya fi barazana gare shi yanzu shi ne gyaran da za a yi masa ba bisa tsari ba.

Domin ka fahimci dalili, sai ka san abin da ya lalace. A cikin filash akwai abubuwa biyu masu muhimmanci: guntun ma'adanar da ake kira NAND, inda bayanai suke zaune, da kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira kantirola, wadda take tsakanin ma'adanar da kwamfuta. Kwamfuta ba ta ganin ma'adanar kai tsaye. Abin da kantirola take nuna mata shi ne dogon jeri na ƙananan gurabe masu lamba, waɗanda ake kira sekta, kowace tana ɗaukar bait 512 a mafi yawan lokuta. Waɗannan gurabe ba su san sunan fayil ba, ba su san folda ba. Tsarin fayil, wato FAT32 ko exFAT ko NTFS, shi ne yake riƙe da lissafin cewa fayil kaza ya fara daga wuri kaza, ya ci gaba a wuri kaza, girmansa kaza. Ka ɗauke shi kamar siton hatsi a kasuwar Dawanau, inda buhuna dubbai suke jibge babu suna a jikinsu, sai littafin mai sito kaɗai yake nuna na wane ne a wane layi. Idan ruwa ya ɓata shafin farko na littafin, buhunan ba su tafi ko'ina ba, amma yaron sito zai ce maka bai san komai ba. Saƙon da Windows ya ba ka ke nan. Fomat kuwa daidai yake da yaga tsohon littafin a kawo sabo fari fes, alhali sauran shafukan tsohon suna iya karantuwa.

Filash mai girman naka galibi yana zuwa da FAT32 daga masana'anta. A wannan tsari, farkon ɓangaren ajiya yana ɗauke da wata sekta ta musamman da take bayyana girman gungun sektocin da ake raba wa fayiloli da wurin da teburin lissafi yake. Bayanta sai teburin kansa, wanda ake ajiye kwafi biyu nasa, kuma a cikinsa kowane gungu yana nuna wanda yake biye da shi kamar zoben sarƙa. Idan waccan sekta ta farko ta gurɓace, Windows ba zai gane tsarin ba, sai ya rubuta RAW a wurin sunan tsarin fayil ya nemi fomat. Abin farin ciki shi ne FAT32 yana ajiye kwafin wannan sekta a sekta ta 6, exFAT yana ajiye nasa daga sekta ta 12, NTFS kuma a sektar ƙarshe ta ɓangaren. Sau da yawa duk gyaran bai wuce a ɗauko wannan kwafi a mayar da shi mazauninsa ba.

Zare filash ana cikin rubutu shi ne sanadin da ya fi yawa. Ajiye fayil guda yana buƙatar rubutu a wurare aƙalla uku, wato bayanan kansu, da teburin lissafi, da shigarwar folda, kuma idan aka katse tsakanin ɗaya da ɗaya sai lissafin ya saɓa wa juna. Ƙari a kan haka, ma'adanar NAND ba ta goge ɗan ƙaramin wuri shi kaɗai, sai dai babban yanki gaba ɗaya, don haka kantirola takan kwashe bayanan da ke maƙwabtaka ta sake rubuta su a wani wuri, kuma yankewar wuta a daidai wannan lokaci tana iya taɓa abin da ba ka ma buɗe ba. Gaskiya ne cewa tun daga Windows 10 fitowar 1809 an mayar da saitin asali ya zama na saurin zarewa, wanda ya rage jinkirta rubutu, amma wannan bai kare ka ba idan Word yana riƙe da takardarka a buɗe ko kwafi bai kammala ba.

Matakin farko shi ne gane irin ciwon, kuma ba ya buƙatar rubuta komai. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, sannan ka sa filash ɗin ka duba girman da aka nuna. Filash mai gigabait 32 zai fito da kusan 29, kuma wannan ba matsala ba ce, domin masu ƙerawa suna lissafi da 1,000 ita kuwa kwamfuta da 1,024. Idan ka ga girman daidai tare da kalmar RAW, ko an nuna wurin a matsayin wanda ba a raba ba, to kantirola tana aiki, littafin ne ya ɓaci, kuma kai da kanka za ka iya aikin. Idan kuwa aka nuna girman sifili, ko aka ce babu ma'adana a ciki, ko aka nuna wani ɗan ƙaramin girma na 'yan megabait, to kantirola ce ta kasa karanta ma'adanar, kuma babu manhajar ceto da za ta taimaka domin babu abin da za ta gani. A wannan hali za ka sami masu ba ka shawarar sauko da manhajar masana'anta ta kamfanonin kantirola irin su Phison ko Alcor ko Silicon Motion. Waɗannan manhajoji suna iya farfaɗo da filash, amma ta hanyar shafe abin da ke cikinsa gaba ɗaya, saboda haka ka nisance su muddin bayanan kake nema. Idan kuma kwamfuta ba ta ma nuna alamar an sa wani abu ba, ka gwada wata kafar da wata kwamfutar, ka duba ko bakin filash ɗin ya lanƙwashe. Karyewar dalma a bakin abu ne da ƙwararren mai gyaran waya yake iya haɗawa. Abin da ya wuce haka sai ɗakunan aiki na musamman da suke cire guntun ma'adanar su karanta shi da na'ura, kuma aiki ne mai tsada, ya fi wuya a ƙananan filash ɗin da aka narke komai nasu cikin dunƙule guda.

Mu ɗauka naka na farko ne, wato mai nuna girma daidai tare da RAW, kamar yadda nake zato. A nan ne mafi yawan mutane suke tsallake matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato ɗaukar hoton filash ɗin gaba ɗaya. Ba kwafin fayiloli nake nufi ba, domin ba a ganinsu. Ina nufin a karanta kowace sekta daga ta farko zuwa ta ƙarshe a zuba a fayil guda a kan kwamfutarka, wanda zai ci kusan gigabait 30 na sarari. Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, duk gwajin da za ka yi a kan hoton za ka yi shi, idan ka yi kuskure ka koma ka sake, alhali kuskure a kan filash ɗin kansa ba ya komawa baya. Na biyu, ba mu da tabbacin cewa zarewar ce kaɗai sanadi. Wataƙila ma'adanar ta fara gajiya, kuma filash mai gajiya yana iya mutuwa ana cikin bincikensa, don haka karatun farko ya kamata ya zama na kwashe komai.

Kayan aikin da na fi amincewa da shi a nan shi ne GNU ddrescue, wanda yake aiki a Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, kuma za ka iya tayar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga wani filash daban ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. A Ubuntu sunan kunshinsa gddrescue. Ka fara da umarnin lsblk domin ka tabbatar da sunan filash ɗin ta hanyar girmansa. Idan misali sunansa sdb, sai ka rubuta sudo ddrescue /dev/sdb filash.img filash.map, kana cikin foldar da take da isasshen sarari. Ka lura da kyau cewa filash ɗin ne yake zuwa farko, fayil ɗin hoto na biyu, domin juya su yana nufin rubutu a kan abin da kake son cetowa. Fifikon ddrescue shi ne yana fara kwashe wuraren da suke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake masu wuya ya dawo musu daga baya, kuma fayil na uku yana riƙe da lissafin inda aka tsaya, ta yadda ko wuta ta ɗauke za ka ci gaba daga nan. Idan Linux ya yi maka nauyi, manhajar TestDisk da zan ambata yanzu tana da zaɓin ɗaukar hoto mai suna Image Creation a sashenta na Advanced, kuma ya wadatar idan filash ɗin ba ya katsewa.

TestDisk da abokiyar tafiyarta PhotoRec manhajoji ne na kyauta da Christophe Grenier ya rubuta, ana sauke su tare, kuma suna aiki a Windows da Linux da Mac. Fuskarsu baƙin allo ce da rubutu, babu ado, amma kada wannan ya tsorata ka. Ka buɗe hoton da TestDisk, ka shiga Advanced, ka zaɓi ɓangaren, ka shiga Boot. Za ta nuna maka halin sekta ta farko da halin kwafinta. Idan ta ce ta farko ta lalace amma kwafin yana da kyau, zaɓin Backup BS zai mayar da kwafin mazauninsa. Idan duka biyun sun lalace, zaɓin Rebuild BS zai binciki filash ɗin ya sake gina sektar daga alamun da ya samu. Sai dai shawarata ita ce tun kafin ka rubuta wani gyara, ka gwada zaɓin List. Idan ka ga foldojinka da sunayensu, ka danna ƙaramin harafin a domin zaɓar duka, sannan babban harafin C domin kwafe su zuwa kwamfutarka. Da zarar fayilolin sun fita ka buɗe su ka tabbatar suna karantuwa, buƙata ta biya, gyaran filash ɗin kuma ya zama abu na biyu.

Idan TestDisk ta kasa nuna foldoji, sai a koma ga PhotoRec, wadda hanyarta daban ce. Ita ba ta kula da littafin lissafi ko kaɗan. Tana bin sektoci ɗaya bayan ɗaya tana neman alamar da kowane irin fayil yake farawa da ita: hoton JPEG yana farawa da lambobin FF D8 FF, takardar PDF da %PDF, takardar Word ta zamani kuma da PK domin a zahiri kunshin ZIP ce. Kamar mutum ne ya shiga siton nan babu littafi yana soka kowane buhu yana cewa wannan gero ne, wannan dawa ce. Zai gane irin hatsin, amma ba zai san mai shi ba. Haka PhotoRec za ta dawo maka da fayiloli babu sunayensu na asali babu foldojinsu, da sunaye irin f0123456.jpg a cikin foldoji masu suna recup_dir. Hotuna sukan dawo da kyau domin galibi a jere ake rubuta su. Bidiyoyi da manyan fayilolin da aka yi ta gyarawa su ne suka fi ba da wahala, domin sukan warwatsu a wurare daban-daban, kuma sarƙar da take haɗa su tana cikin teburin da aka rasa. Game da aikinka na digiri akwai wani abu da zai yi maka amfani: duk lokacin da Word ya ajiye takarda yakan rubuta sabon kwafi ya saki tsohon, don haka kana iya samun tsofaffin kwafe da dama na takarda guda. Ka jera su bisa girma ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, domin ko na ƙarshe ya lalace, na kwana biyu kafinsa yana iya fitowa cikakke. Akwai kuma Recuva da Windows File Recovery na Microsoft, sun fi dacewa da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a filash mai lafiya. Kowace ka yi amfani da ita, kada ka ajiye abin da aka ceto a kan filash ɗin da ake ceto daga gare shi.

Yanzu mu koma ga shawarwarin abokanka, waɗanda na san da kyakkyawar niyya suka ba ka. Mai cewa a yi fomat yana da ɗan abin dogaro, domin fomat na gaggawa ba ya shafe bayanan kansu, kuma PhotoRec tana iya samo abubuwa bayansa. Amma yana shafe teburan lissafin biyu da babbar folda, wato ainihin abin da zai ba ka sunaye da sarƙar fayilolin da suka warwatsu. Ka ga an sayar da cikakken ceto an sayi rabinsa ba tare da wata riba ba. Idan kuma aka cire alamar gaggawa aka yi cikakken fomat, to tun daga Windows Vista wannan yana rubuta sifili a kan kowace sekta, kuma bayansa babu wanda zai iya dawo da komai. Shi kuwa chkdsk yakan ƙi aiki a kan filash ɗin da ya zama RAW. Haɗarinsa yana zuwa ne a lokacin da ya yarda ya yi aiki, domin manufarsa ita ce daidaita lissafi, ba kare fayilolinka ba. Idan ya ga sarƙar da ba ta da mai ita sai ya yanke ta ya zuba gutsattsarin a folda mai suna FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. An taɓa kawo mini filash ɗin wata malamar makaranta bayan an yi masa haka a wani shago, kuma aikin da zai ɗauki awa guda ya ɗauke ni kwanaki ina tantance gutsattsari, wasu takardun ma ba su haɗu ba har aka gama. Tun daga nan ba na barin chkdsk ya taɓa filash sai bayan na ɗauki hotonsa.

Tunda shagon buga takardu ka ambata, akwai wani ciwo da ya yi kama da wannan wanda ba shi ba ne. Idan filash ya buɗe amma foldoji suka koma gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, ko ya nuna babu komai alhali sarari a cike yake, wannan bairos ne da ya ɓoye fayiloli. Kada ka danna gajerun hanyoyin. Bayan ka tace filash ɗin da manhajar kariya, umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana bayyana su, idan E ne harafin filash ɗin.

Akwai kuma filash na jabu, kuma suna da yawa a kasuwa. Ana ɗaukar mai ƙaramar ma'adana a sauya kantirolarsa ta riƙa faɗin babban girma. Yana aiki lafiya har sai ka wuce ainihin girmansa, daga nan sabon rubutu ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza, sunayen fayiloli suna nan amma ba sa buɗewa. Abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, domin ko dai an rubuta wani a kansa ko kuma ba a taɓa ajiye shi ba. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac, tana cika filash da bayanai ta sake karanta su ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ina yi wa kowane sabon filash wannan gwaji kafin na ɗora masa wani abu mai amfani.

Game da tsarin da za ka zaɓa nan gaba, ya danganta da inda kake sa filash ɗin. FAT32 ya fito a 1996, kuma kusan kowace na'ura tana karanta shi, daga talabijin da rediyon mota har zuwa injin buga takardu, amma fayil guda ba zai wuce gigabait 4 ba. Wannan ne dalilin da ya sa babban bidiyo yake ƙin shiga ko da akwai sarari. exFAT ya fito a 2006, an tsara shi ne domin ma'adanar filash, ya kawar da waccan iyaka, Windows da Mac suna karantawa da rubutawa a kansa, Linux ma ya shigar da shi cikin ainihin tsarinsa tun 2019. Rauninsa shi ne teburi guda yake ajiyewa a yadda aka saba tsara shi, kuma ba shi da kundin bibiyar sauye-sauye. NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yana da wannan kundi, don haka ya fi jure yankewar wuta, ko da yake tsarin lissafin yake karewa ba abin da ke cikin fayil ɗin da ake rubutawa ba. Sai dai Mac yana karanta shi ne kawai ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja, kuma na'urori da yawa ba su san shi ba. Ga ɗalibi mai yawo da takardu tsakanin kwamfutoci da shaguna da filash mai gigabait 32, ni FAT32 zan bar masa. Ga mai ɗaukar manyan bidiyoyi ko filash mai gigabait 64 zuwa sama, exFAT. NTFS kuma sai wanda ya tabbata ba zai fita daga kwamfutocin Windows ba.

Babu ɗaya daga cikin ukun da zai mayar da filash wurin ajiya na dindindin. Ma'adanar NAND tana riƙe bayanai ne ta hanyar cajin lantarki da aka tsare a ƙananan ɗakuna, cajin yana zurarewa a hankali, zafi yana hanzarta zurarewar, kuma kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Filash ɗin da aka bari a aljihun mota a watan Afrilu yana shan abin da bai kamata ya sha ba. Saboda haka ka daina gyara takardar digirinka kai tsaye a kan filash. Ka yi aikin a kwamfuta, ka riƙa aika wa kanka kwafi ta imel ko ka ɗora a Google Drive a ƙarshen kowane zama, shagon buga takardu kuma ka kai musu kwafin PDF a wani filash daban da ba ka damu da abin da zai same shi ba.

Shi kuma wannan filash ɗin, bayan ka kwashe komai ka buɗe fayilolin ka tabbatar, sai ka yi masa cikakken fomat ka gwada shi da H2testw. Idan ya wuce gwajin babu kuskure ko ɗaya, kuma ddrescue bai nuna sektar da ta ƙi karantuwa ba, zarewar ce ta jawo matsalar kuma za ka iya ci gaba da amfani da shi wajen ɗaukar kwafi. Idan aka sami kuskure ko guda, ko ya fara cewa an hana rubutu a kansa, wanda sau da yawa alama ce ta kantirola ta kulle ma'adanar da ta gaji, ka ajiye shi gefe ka sayi wani. Fayil ɗin hoton kuma kada ka goge shi sai bayan ka miƙa aikinka an karɓa, domin idan ka gano wani babi ya ɓace daga baya, a cikinsa za ka koma nema.